Ƙas Goma Sha Uku a Cikin Ɗari

Hutun ƙarshen Disamba da ya wuce na je gida, ƙauyenmu da ke kudu da Maraɗi, ba nisa da dajin Baban Rafi. A jakata akwai littafin rubutu da ƴar na'urar ɗaukar murya, domin malaminmu a sashen ilimin harsuna ya ce kowa ya dawo Yamai da kalmomi 200 na wata sana'a. Ni na zaɓi farauta saboda kakana maharbi ne. Na ɗauka aikin zai zo mini da sauƙi: mu zauna bakin wuta muna jin ɗumi, shi yana faɗi ni ina rubutawa.

Kwanana biyu da isowa sai ga saƙon murya daga yayana, har minti 11. Shekararsa bakwai a Kanada, a yankin Kebek. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi. A can wani abokin aikinsa, Bature ɗan ƙasar, ya ja shi cikin farauta. Ya yi kwas ɗin da doka ta tanada, ya samu takardun riƙe bindiga da na farauta, ya sayi bindiga da madubinta. Tun daga nan Kaka yake alfahari da shi, yana cewa jinin gidan bai ɓace ba, ƙetare teku kawai ya yi. A farkon saƙon Yaya ya ce: "Ka sa wa Kaka ya ji. Ka fassara mishi, kada ka rage komai."

Hausar Yaya ta zama dambu da Faransanci, kunnen Kaka kuma ya yi nauyi. Dole na zama tafinta.

Ga labarin. A tsakiyar Nuwamba, lokacin da ake buɗe farautar wata irin barewa mai farar wutsiya, sun fita tun da asuba, sanye da riguna ruwan lemo da doka ta wajabta don kada maharbi ya harbi ɗan'uwansa. Sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili. Bayan awa uku suna laɓe, sai namiji ya fito a bakin wata gona. Na'urar awon nisa ta nuna mita 250. Yaya ya daidaita madubinsa ne a kan mita 100, tun watan Agusta, ranar da ake zafin digiri 25. Ya san harsashi yana sauka ƙasa in nisa ya ƙaru, kuma yana da ƴar takarda manne a ƙotar bindiga wadda ta ce a mita 250 ya murɗa sau 13. Ya murɗa, ya ƙirga, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Harsashin bai sami ƙirji ba. Ya faɗa ƙasa, ya karya ƙafar gaba, dabbar ta shige daji da ƙafa uku.

Sun bi jini a kan dusar ƙanƙara har rana ta faɗi. Sun kira wani mai karen bin jini, domin a can akwai mutanen da aikinsu ke nan, neman dabbar da aka raunata. Duhu da sabuwar dusa suka raba su da sawu. Sai da safe suka tarar da ita a bakin wani rafi, ta mutu.

Da na zo fassara wurin harbin, abin da ya fito daga bakina shi ne: "Kaka, an samu kuskure. Madubin ne bai bi ba."

Kaka ya dube ni. "Kai ɗan lakwal, wa anka ce ma an? Wa ya kuskure ta?"

Ku da muke aji ɗaya kun san wannan "an" ɗin. Mun yi mako guda a kanta: wakilin sunan da ke ba mai magana damar faɗin aiki ba tare da faɗin mai aikin ba. An fasa tulu. An ci kuɗin ƙungiya. A jarrabawa na samu maki mai kyau a kanta, sai ga shi ina amfani da ita don in rufa wa yayana asiri a gaban kakanmu, kuma tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya kama ni a jimla ɗaya. Kalmar "kuskure" kanta ta maharba ce. Kafin ta zama ta jan biro a takarda, ma'anarta ka harba ka rasa. A bakin Kaka aikatau ce, kuma sai da mai yi.

Na ce, "Yaya ne ya harba."

"To, haka za ka ce. Ci gaba."

Na ci gaba, amma kalmomin suka fara gagarata. Yaya ya ce madubin yana kan "zéro". Na ce sifili. Kaka ya yi dariya har da tari: "Sun ɗora bindiga bisa babu, sannan suna mamaki ba su sami komi ba?" A nan na gane ba zan iya fassara abin da ban fahimta ba. Na nemi ya ba ni zuwa gobe. Da dare, lokacin da Yaya ya tashi daga aiki, tun da awa shida ce tsakaninmu, na hau tudun da ake samun layi, muka yi kusan awa guda yana mini bayani ina zana abin a littafina.

Madubin wani bututu ne na alminiyom, irin ƙarfen da ake zuba tukwanenmu da shi, tsawonsa kamar santimita 30, ɗaure a bisa bindiga da zobba biyu. In ka leƙa ciki, abin da ke nesa zai matso, kuma za ka ga layuka biyu sirara sun gitta juna. Inda suka haɗu, nan ake so harsashi ya faɗa. "Zéro" ɗin nan ba babu ba ce. Ita ce ranar da ka je filin gwaji ka yi ta harbin takarda kana gyarawa, har mahaɗar layukan da ramin harsashi suka zama wuri ɗaya a wani nisa da ka zaɓa.

A tsakiyar bututun akwai abubuwan murɗawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a dama. Na rasa sunan da zan ba su, daga baya Kaka ya raɗa musu "kunnuwa". Na sama yana ɗaga ko sauke wurin da harsashi zai faɗa, na dama yana kai shi hagu ko dama. Kowace ƴar murɗawa tana yin ƙara: ƙas. A irin na Yaya, ƙas ɗaya yana gusar da harsashi kamar milimita 7 a nisan mita 100, wato kusan santimita 2 a mita 250. Ƙas 13 ke nan ya kamata su ɗaga shi santimita 24. In ka auna santimita 24 daga tsakiyar ƙirjin barewa zuwa ƙasa, a ƙafa za ka tsaya. Harbin ya faɗa daidai inda zai faɗa da a ce Yaya bai murɗa komai ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cikin. A cikin babban bututun akwai wani ƙarami mai ɗauke da gilasai, shi ne ke motsi. Kunnen da kake murɗawa sukuru ne da ke danna ƙaramin bututun, daga ɗaya gefen kuma akwai ɗan ƙarfe mai tankwaruwa ya dawo, sifirin, yana tokare da shi. In ka murɗa sukurun ciki, ƙarfin hannunka ne ke tura bututun. In ka janye shi waje, kamar yadda ake yi a yawancin madubai in ana son ɗaga harbi, sifirin ne kaɗai zai tura bututun ya bi sukurun. Duk wuraren da ke gogayya kuwa an shafa musu man giris. Ƙarar ƙas ɗin a cikin kunnen take fitowa, daga wasu ƴan haƙora. Tana shaida maka kunne ya juya. Ba ta da labarin ko bututun ciki ya motsa.

Da safe na kai wa Kaka wannan bayani, da zanena a ƙasa da tsinke. Da na zo kan man giris, ya katse ni: "Man ya yi barci ke nan." Ya nuna kwalbar man kaɗe da ke bakin ɗakin kakata, wanda ɗarin Disamba ya daskarar har sai an kai shi rana. Sanyinmu na asuba da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, amma ya isa ya sa mai barci. Ina ga digiri 15 ƙasa da sifili? Mai in ya yi kauri yana riƙe bututun, sifirin ya kasa tura shi nan take, sai girgizar harbi ta farkar da shi. Shi ya sa harbi na farko kan tafi tsohon wuri, na biyu ya je sabo. A filin gwaji wannan asarar harsashi ɗaya ce. A daji kuwa harbi na farkon shi ne duka abin da kake da shi.

Ba man kaɗai sanyi ke taɓawa ba, kuma na yi ƙoƙarin jera wa Kaka sauran. Ƙarfe yana tsukewa da sanyi, alminiyom kuma yana tsukewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen da aka yi bindiga da shi. Bututun santimita 30 in ya sauko digiri 40 yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. In zobban sun ɗauru da kyau ba komai. In akwai sukurun da ya yi sako-sako, to karkatar da ba ta fi kaurin gashin kai ba tsakanin zobba biyun tana iya zama santimita da yawa a mita 100. Albarushi mai sanyi ba ya cin wuta da sauri kamar mai ɗumi, saboda haka harsashi yana fita da ƙarancin gudu. Iska mai sanyi ta fi nauyi: tsakanin ranar Agusta da Yaya ya yi gwaji da safiyar Nuwamba da ya harba, bambancin ya kai kusan kashi 15 cikin 100, harsashi kuma sai ya keta ta. Waɗannan biyun ba laifin madubi ba ne, ko da yake shi ake zagi, kuma a mita 250 ƴan santimita kaɗan suke ci. Sai raɓa. Ana cika madubin zamani da busasshiyar iska ta nitrojin ko argon a toshe, don kada ya yi hazo daga ciki, amma numfashinka ɗaya a kan gilashin waje ya isa ya rufe maka gani, haka ma in ka shigo da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi. A yaƙin da Finlan ta yi da Tarayyar Sobiyet a hunturun 1939 zuwa 1940, shahararren maharbinsu Simo Häyhä, manomi kuma mafarauci tun kafin yaƙi, bai yi aiki da madubi ba, kuma hazon da gilashi ke yi cikin tsananin sanyi yana cikin dalilansa.

Kaka ya saurara har na gama, yana juya garwashi. Na zaci zai ce ai ga shi nan, kayan Nasara ba su da amana, baka da kibiya sun fi. Har na shirya rubuta hakan a littafina. Bai ce ba.

Cewa ya yi tsirkiyar bakansa ma haka take. Ta fata ce. Da damina takan sha laima ta saki, da hunturu ta bushe ta ɗaure tamau, kibiya ta tashi daban. Da ya koma bindiga ƙirar maƙera, sai ya tarar albarushi ma yana da lokacin da yake jin raɓa ya ƙi tashi. "Ba wani makami da ba ya jin lokaci," in ji shi. Abin da ubansa ya koya masa shi ne, duk safiyar da za a shiga daji, kafin a bar bayan gari, sai a tsaya a saki kibiya ɗaya a jikin suri. Ba don a koyi harbi ba, an riga an iya. Don a ji abin da baka ke faɗi a wannan safiyar.

Sannan ya yi tambaya uku, ya ce in aika wa Yaya yadda ya faɗe su. Ta farko: ya bi ta? Na ce ya bi ta har dare, ya koma da asuba. Ya gyaɗa kai. Ta biyu: ta kwana? Na san inda ya dosa. A Risala da muka karanta a zaure, abin da ka harba ka tarar ya mutu kana iya ci, sai fa in ya ɓace maka har ya kwana. Na ce ta kwana, kuma Yaya bai ci ba. Ya maƙala mata takardar izininsa kamar yadda doka ta ce, abokinsa ya ɗauki naman, farautarsa ta bana ta ƙare a nan. Ya ce, "Madalla." Ta uku: "Shi wanga kunne, ya taɓa murɗa shi cikin ɗarin, ya harba, ya gani da idonai?"

Na aika. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, gajeriya. Bai taɓa ba. Duk gwajin da ya yi da zafi ya yi shi, da riga mai gajeren hannu. Ya yarda da lambobin da ke jikin kunnen saboda an zana su da kyau, kuma madubin ya ci masa kuɗi.

A ƙarshen makon ya je filin gwaji, ana digiri 18 ƙasa da sifili. Ya bar bindigar ta sha sanyi awa biyu kafin ya taɓa ta. Ya kafa takarda a mita 100. Harbi uku na farko, ba tare da ya murɗa komai ba, sun taru ƙasa kaɗan da inda suke taruwa a Agusta, abin da bai kai ya damu mutum ba. Sai ya murɗa ƙas 13 sama, wanda a wannan nisa ya kamata ya ɗaga harsashi kusan santimita 10. Harbi na farko ya ɗaga kamar santimita 2. Na biyu ya yi tsalle ya kusa kaiwa. Na uku ya isa inda lissafi ya ce. Ya shigar da bindigar mota ta ji ɗumi, ya sake yin abin daga farko, sai ga kowane harbi yana bin kunne ba gardama. Ya yi kuma gwajin da maharban can ke yi: ka murɗa sama ka harba, dama ka harba, ƙasa ka harba, hagu ka harba, ka ga ko na ƙarshe zai koma ramin farko. Da ɗumi ramukan suka zana murabba'i. Da sanyi suka zana wani abu mai kama da sawun kaza.

Ya turo hoton takardun biyu. Kaka ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce in danna masa wurin magana. Ba zan kawo duk abin da ya faɗa ba, domin tsakaninsu ne. Ya ba shi labarin wani gwanki da ya raunata yana saurayi, ya bi shi kwana biyu bai same shi ba, labarin da ni da na tashi a gidan ban taɓa ji ba. Ya ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce in zai sake fita, ya matsa kusa har inda ba ya bukatar taɓa kunnen, in dabba ta fi nan nisa ya bar ta ta tafi da ƙafafunta huɗu.

Yaya ya ce haka zai yi. Zai sake daidaita madubin a cikin sanyi, mako guda kafin farauta. In dole ta sa ya murɗa, zai zarce lambar da ƴan ƙas sannan ya dawo kanta, don ya zama sukurun ne ya tura bututun da ƙarfi, ya kuma ɗan ƙwanƙwasa kunnen da yatsa kamar yadda tsofaffin maharban can ke yi. Da dare kuma bindigar za ta kwana a kulle a wuri mai sanyi, kada ta shiga ɗumi ta yi gumi.

Ni kuwa na dawo Yamai da kalmomi 200 ɗina, har da ƙari. Amma na sauya yadda nake cike layin ma'ana. Da, in na sami kalma sai in buɗe ƙamus in kwafi abin da ke gabanta da Faransanci in wuce. Da na bi wannan hanya, da "sifili" na rubuta a gaban "zéro", kuma ba wanda zai ja mini jan biro, domin ƙamus ma haka ya ce. Yanzu duk kalmar da na fassara sai na mayar da ita bakin mai sana'ar in ji ko za ta zauna. A cikin jerin nawa akwai 14 da na riga na yi wa ma'ana tun a ɗakin karatu, kafin in bar Yamai. Da na karanta wa Kaka da abokansa biyu, biyar suka ƙi zama, na goge su muka sake.

Wani abokina da ya karanta wannan rubutu kafin a kai shi wurin hoto ya ce taken yana da ruɗani: ɗari na sanyi nake nufi ko ɗari na ƙirga? Na ce ya faɗe su da baki zai ji bambancin. Na sanyi wasalinsa na farko dogo ne kuma muryar a sama take, na ƙirga gajere ne kuma daga ƙasa yake tashi. Rubutunmu ne ba ya nuna su. Na bar taken yadda yake, tun da a mita ɗari Yaya ya yi gwajinsa na farko, ɗari kuma ya warware shi.

Kafin in taso, Kaka ya ce in rubuta masa kalma ɗaya a littafin, wadda ban tambaye shi ba: "ɗanɗana". Ita ce abin da ubansa ke kiran kibiyar nan da ake saki a jikin suri. Na sa ta a lamba ta 201, na bar layin Faransancinta a buɗe har in koma hutu mu sake zama.